Kafin ka tura saƙon "an gano magani", tsaya ka ji



Ka san saƙon nan. Yakan shigo guruf ɗin gida da sassafe, galibi daga wayar wani kawu ko wata gwaggo da ba a iya yi wa musu: "Alhamdulillahi! Masana a jami'a sun gano maganin ciwon suga a ganye kaza. A tafasa a sha safe da yamma. Don Allah ka tura wa wasu, sadaka ce." Kafin azahar ya zaga guruf goma. Kafin magariba wani ya ɗora shi a TikTok da muryarsa, ya sa farar riga irin ta likitoci, ya manna lambar waya a ƙasa.

Daga nan sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce ai dama Turawa ne ke ɓoye mana, maganin komai yana bayan gidanmu. Wasu kuma, musamman waɗanda suka ɗan leƙa ajin kimiyya, su bi saƙon da dariya, su ce duk abin da ya fito daga saiwa da sassaƙe camfi ne. Mu a wannan fili ba mu tare da ko ɗaya. Magani yana fitowa daga ganye da saiwa, har ma da turɓaya, wannan ba abin musu ba ne. Amma daga ranar da mai bincike ya ga alamar magani a ganye zuwa ranar da ya dace a ba mara lafiya, tafiya ce ta shekaru, kuma yawancin abin da ya kama hanyar ba ya kai labari. Kai da yatsanka ke kan maɓallin turawa ya kamata ka san wannan hanyar, domin mai karanta saƙon naka tana iya zama mahaifiyarka, kuma tana iya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Ƙwayar da ka sha bara, daga ganye ta fito

Bari mu fara da masu dariya. In ka yi zazzaɓin cizon sauro a 'yan shekarun nan aka ba ka ƙwayoyin nan na kwana uku irin su Coartem, to ganye ka sha. Babban sinadarin da ke cikinsu ya samo asali daga wani tsiro dangin tazargade da masana ke kira Artemisia annua. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don nemo maganin maleriya, saboda cutar tana ta kayar da sojoji a yaƙin Biyetnam, tsofaffin magunguna kuma sun daina ci. Wata mai bincike, Tu Youyou, da tawagarta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka zaɓi wasu suna gwadawa a jikin ɓeraye. Tsiron nan yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai da ta koma wani tsohon littafin magani da aka rubuta shekara wajen 1,600 da suka wuce, ta ga marubucin jiƙa ganyen a ruwa ya ce a yi a matse, bai ambaci tafasawa ba. Nan ta fahimci zafi ne ke lalata sinadarin. Ta canza yadda take tatso shi, a 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kaf a jikin ɓerayen. Kafin a ba marasa lafiya, ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu, don a ga ko zai cutar. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Sau 190 fa ana faɗuwa kafin a dace. Kuma tafasawar nan da saƙon kawu ya ce a yi, ita ce ta kusa sa a yi watsi da tsiron baki ɗaya.

Mutum biyun da suka raba kyautar da ita a wannan shekarar, nasu maganin daga ƙasa ya fito, ƙasar da ake takawa. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato da ke Tokyo mutum ne da ke yawo da leda a aljihu yana ɗibar turɓaya duk inda ya je. A wata turɓaya da aka ɗebo kusa da filin wasan golf a Japan ya samu wata ƙwayar halitta, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da maganin tsutsa daga cikinta. Shi ne ivermectin, wanda mutanen karkara suka fi sani da Mectizan, wanda ake auna tsawon mutum da sanda kafin a ƙirga masa ƙwaya. Tun 1987 ake rabon sa kyauta don yaƙar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, ana kuma amfani da shi a kan tundurmi. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta raba kanta da wannan makanta, bayan shekaru ana feshin ƙudan ana kuma rabon ƙwayar.

Kada kuma ka ɗauka sai mai furfura. Streptomycin, maganin farko da ya yi wa tarin fuka tasiri, wani ɗalibi ɗan shekara 23 mai suna Albert Schatz ne ya ware shi a 1943, daga ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, a wani ɗakin gwaji na Jami'ar Rutgers ta Amurka. Sa'anka ne lokacin. Sai da ya kai malaminsa, Selman Waksman, kotu kafin a amince da shi a matsayin abokin ganowa, kyautar Nobel ta 1952 kuwa malamin kaɗai aka ba. Ɗalibai, wannan ma darasi ne: ku riƙa rubuta aikinku da kwanan wata.

Hanyar da ganye ke bi kafin ya zama magani

To yanzu ga masu turawa. Idan ka ji an ce jami'a ta gano magani, tambayar farko ita ce: a wane mataki ake?

Matakin farko shi ne a tabbatar da tsiron. Suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma yakan yi suna huɗu: abin da wani ya kira darbejiya, wani maina ya sani, wani dogon yaro, wani bedi. Don haka ake kai samfuri ma'ajiyar tsirrai ta jami'a a tantance, a ba shi lamba. Sai a shanya, a daka, a jiƙa a ruwa ko wani sinadari a tatso abin da ke ciki. Sai a ɗiga a kan ƙwayoyin cuta a cikin faranti a ga ko za su mutu. Idan sun mutu, sai a koma kan ɓera: nawa ne ke warkarwa, nawa ne ke kashewa, me ya yi wa hanta da ƙoda, me ya yi wa mai ciki. Ganye ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, sai an bi su an gano wanne ne mai aikin. Ƙarfin ganyen ma yana canzawa: na damina daban, na rani daban, na fadama daban, na tudu daban.

Duk wannan ba a taɓa mutum ba tukuna. Gwajin mutane hawa uku ne. Na farko, mutane kaɗan, galibi masu lafiya, don a ga ko jiki zai ɗauka. Na biyu, marasa lafiya gommai ko ɗaruruwa, don a ga ko yana aiki da kuma nawa za a sha. Na uku, ɗaruruwa ko dubbai, a raba su kashi biyu, wasu su sha sabon wasu su sha tsohon magani ko ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun san wanne aka ba su ba. Daga farko zuwa ƙarshe akan ci shekara 10 zuwa 15. Kuma a cikin magunguna goma da suka kai ga gwajin mutane, kusan tara ba sa tsallakewa.

Galibin labaran "an gano magani" da ke shigo maka daga matakin faranti ko na ɓera suka fito. A Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, kowace shekara ɗalibai da malamansu suna nazarin sabara, marke, bagaruwa, hano, garafuni, zogale da maɗaci. Aiki ne na gaskiya, kuma daga irinsa ake farawa. Mai binciken yakan rubuta a hankali cewa ruwan ganyen ya rage sukari a jinin ɓeraye, kuma ana buƙatar ƙarin nazari. Kafin maganar ta iso wayarka an cire ɓerayen, an cire ƙarin nazarin, an bar "maganin suga". Ruwan bilic ma yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti, amma ba wanda zai ce a sha.

Wani lokacin ma binciken yakan ƙaryata abin da aka gada, ya kuma tono abin da ba wanda ya zata. Akwai wata fulawa 'yar asalin Madagaska mai fure fari ko ruwan hoda, ana shuka ta don ado har a gidajenmu. A Jamaika ana shan shayinta don ciwon suga. A shekarun 1950 Robert Noble da Charles Beer na wata jami'a a Ontario ta Kanada suka gwada, ba su ga ta sauke sukari ba. Abin da suka gani shi ne tana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye. Daga wannan suka fitar da vinblastine, daga baya aka samu ɗan'uwansa vincristine, waɗanda har yau ake yaƙar ciwon daji da su, musamman na jini a yara. Da an tsaya kan "ai kakanninmu sun ce", da mai suga yana ta shan abin da ba ya yi masa magani, mai kansa kuma bai samu nasa ba.

"Ai na gargajiya ne, ba ya illa"

Wannan maganar ta kwantar da mutane da yawa. Zaƙami ma ganye ne, kuma kowa a unguwa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. 'Ya'yan cini-da-zugu sun sha kai yara asibiti. A Kalaba akwai wani wake da a da ake ba wanda ake zargi da maita ya ci, da yawa su mutu. Daga cikinsa ne masana a Turai suka fitar da maganin hawan jinin ido a ƙarni na 19. Abu ɗaya ne, awo ne ya raba guba da magani. Kofin shayin da ake cewa a sha safe da yamma kuwa ba awo ba ne.

'Yan mata masu bin maganin rage ƙiba da gyaran jiki a Instagram, ku ji wannan. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata sama da 100 da suka sha wani haɗin ganye na rage ƙiba suka samu ciwon ƙoda, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya biyo. Bincike ya nuna an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna. A Turai ke nan, inda ake sa ido. Ina ga kwalbar da ba suna ba adireshi, da aka aiko miki a mota?

Mu ma mun ga namu. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya karaɗe wayoyin Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama. Ba wanda ya tura saƙon da niyyar kisa. Kowa taimako yake ganin ya yi. A 2020 kuma shugaban Madagaska ya fito da jiƙon Artemisia ya ce maganin korona ne, nan mutane suka bazama neman tazargade. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta auna jiƙon, ba ta samu hujjar cewa yana warkar da cutar ba.

Ko a kan maleriyar ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin ƙwaya ba. Dalilin shi ne sinadarin da ke cikin shayin ba shi da tabbataccen awo, yakan raunana ƙwayar cutar bai kashe ta ba, waɗanda suka tsira su taso da taurin kai. An riga an tabbatar da alamun wannan bijirewa a Ruwanda, Uganda, Eritiriya da Tanzaniya. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya. Idan ƙwayar nan ta daina ci, ƙannenmu ne za su fara biya.

Mun taɓa kaiwa ƙarshen hanyar

Kada wani ya ce maka ba za mu iya ba. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. A farkon shekarun 1990 wani malamin coci kuma mai maganin gargajiya daga jihar Oyo, Paul Ogunyale, ya kai wa NIPRD haɗin da yake ba masu cutar. Cibiyar, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta rattaba hannu da shi kan cewa yana da haƙƙi a duk abin da aka samu. Abu huɗu ne a haɗin, uku daga ciki kana iya samu a kasuwar garinku: masoro, kanumfari, ganyen dawa, sai itacen da Yarabawa ke kira osun. Aka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, har da gwaji a kan marasa lafiya 82 wanda ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Ba ya raba mutum da sikila, kuma masu binciken ba su taɓa cewa yana rabawa ba. Aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa rajistar mallaka har a Amurka, a 2006 aka ƙaddamar da shi a kasuwa.

Sai kamfanin da aka ba lasisin haɗa shi ya durƙushe a 2008. Iyayen da suka fara ganin sauƙi a jikin 'ya'yansu suka nemi maganin suka rasa. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na cikin gida.

Nan ne ciwonmu yake. Ganye muna da shi, masu ƙwaƙwalwa muna da su. Abin da ke kashe binciken shi ne kuɗi da wuta da rashin ɗorewa. Ɗalibi ya sayi ɓerayensa da sinadaransa daga aljihun iyayensa, ya ajiye samfuri a firji, wuta ta ɗauke kwana uku. A 2022 an rufe jami'o'in gwamnatin tarayya wata takwas saboda yajin aiki. Gwajin da ke buƙatar a duba shi kullum ba ya jiran a sasanta. Wanda ya samu ya kammala kuma, a ɗaure masa furojek da baƙin bango, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Badi wani ɗalibin ya sake ɗaukar ganyen nan dai, ya sake tsayawa inda na bara ya tsaya. Muna kira ga TETFund da gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni: maimakon a watsa kuɗi a kan ganye ɗari kowanne ya tsaya a faranti, a zaɓi kaɗan da suka nuna alama mai ƙarfi a raka su har gwajin mutane.

Idan muka yi sake, wasu za su yi. A 1994 ofishin rajistar mallaka na Turai ya ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noman ƙasar haƙƙin wani maganin feshi da aka fitar daga man darbejiya. Sai da 'yan Indiya suka kawo hujjar cewa manomansu sun daɗe suna amfani da shi, aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Hujja ce ta cece su. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce al'ummar da aka ɗauki iliminta tana da rabo a ribar, amma wanda bai adana nasa ba, da me zai yi shari'a? Ga itatuwan ma suna ƙarewa. Dubi maɗatan da ke bakin titi yadda aka sassaƙe su zagaye har suka bushe a tsaye, ga masu gawayi sun tasa kirya da marke a gaba.

Abin da ke hannunka

Kafin ka tura, yi wa saƙon tambayoyi. Wace jami'a, wane sashe, wane mai bincike? A kan me aka gwada: faranti, ɓera ko mutum? In mutane ne, su nawa? Wa ke sayarwa, kuma me zai samu in ka yarda? Idan magani ɗaya ne ke warkar da suga da hawan jini da basir da sanyi da rashin haihuwa, rufe kawai. Idan aka ce likitoci ba sa so ka sani, to aljihunka ake nema.

Duba lambar NAFDAC. A magungunan gargajiya za ka ga wadda ta ƙare da harafin L. Ma'anarta an duba an ga abin bai nuna cutarwa ba a gwajin da aka yi. Ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin ba ce. Masu talla sun san bambancin, fatansu kai kada ka sani.

Idan akwai mai suga, mai hawan jini, mai sikila ko mai shan maganin HIV a gidanku, kada a ajiye na asibiti don wani jiƙo. In ana haɗawa, a gaya wa likita ko mai harhaɗa magani ba ɓoye-ɓoye, domin wani ganyen yana rage ƙarfin ƙwaya, wani yana ninka shi. Ba sai ka yi wa kawu rashin kunya a guruf ba. Kira shi a gefe, ka gaishe shi, ka ce Kawu, wannan binciken a kan ɓera aka yi, mu bari a gama.

Sannan wayar nan da kake ƙona data a kanta tana da wani amfanin. Je wajen kakarka, ko wanzamin unguwa, ko unguwar zoma, ka nemi izininsu ka naɗi abin da suka sani: sunan tsiron, inda yake fitowa, wane ɓangare ake ɗiba, a wane lokaci, wa aka hana ya sha. Ɗauki hoton ganyen da furen. Rubuta sunan mai ilimin da ranar da ya faɗa maka. Kada ka watsa shi a matsayin magani. Adana shi, in kana da ɗan'uwa a sashen nazarin tsirrai ko harhaɗa magunguna ka nuna masa. Tu Youyou ta samu mafita ne saboda wani ya zauna ya rubuta, shekara 1,600 kafin a haife ta.

Ku kuma da ke shirin cike JAMB kuna ganin in ba likitanci ba an faɗi, ku sake tunani. Masu nazarin tsirrai, sinadarai da ƙananan halittu su ne ke samo abin da likita zai rubuta. Turɓayar fadamar Haɗeja da ta gaɓar Tafkin Chadi ba su fi ƙarfin a ɗebo su a leda a duba ba, kamar yadda aka ɗebo ta bakin filin golf a Japan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a karatun ɗalibanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.